Awa 107: Yadda wata mai goyo ta kauce wa rurrutsa bayan tiyata

Asalin lamarin

Matar 'yar shekara 28 ce, tana zaune a wata unguwa a bayan ganuwar Kano, tana ɗinkin kayan yara a cikin gida. Haihuwarta uku. Biyun farko a ɗakinta ta haife su, ungozoma ta zo ta yanke cibiya. Ta ukun ce ta zo da gardama: yaron ya kwanta a gicciye, ta kwana ta wuni tana naƙuda, sai da aka kai ta asibiti aka yi mata tiyata, aka ƙara mata jini leda biyu. Ranar sallama likita ya ce mata kada ta yarda ta sake ɗaukar ciki kafin shekara biyu, ya kuma rubuta hakan a katinta.

Ba da ka likitan ya faɗa ba. Tun 2005 masanan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara suka ba da shawarar mace ta jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin ta nemi wani cikin. Ga wadda aka yi wa tiyata kuwa abin ya fi tsanani, domin tabon da ke jikin mahaifa yana ɗaukar lokaci kafin ya yi ƙwari. Cikin da ya zo da wuri yana ƙara haɗarin tabon ya yage a lokacin naƙuda, kuma fashewar mahaifa tana iya tafiya da uwa da ɗa gaba ɗaya.

Bayan arba'in ta koma a duba ɗinkin. A ɗakin tazarar haihuwa aka nuna mata allurar wata uku, da ashanar hannu, da ƙwayar sha kullum, da robar mahaifa. Ba ta karɓi ko ɗaya ba, kuma ba ita kaɗai ba ce: binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya samu matan aure 12 ne kawai cikin 100 a Najeriya suke amfani da hanyar tazara ta zamani. Dalilanta biyu ne. Maigidanta yana kasuwancin albasa a Fatakwal, sai bayan wata biyu ko uku yake leƙo gida. Sannan a goyonta biyu na baya ba ta ga jini ba sai da yaran suka wuce shekara, don haka a ganinta nono ya ishe ta kariya. Idan maigidan ya zo kuma, azlu suke yi, wato ya fitar da maniyyi a waje.

Shayarwa tana hana ciki da gaske, amma sai sharaɗi uku sun haɗu: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Idan suka cika, ba a samun fiye da mata 2 cikin 100 da za su yi ciki a waɗannan watanni shida. A wajen matar nan duk ukun sun warware ɗaya bayan ɗaya. Yaron ya fara shan koko yana wata biyar saboda ɗinkin salla ya yi mata yawa, daga nan ya daina tashi shan nono da dare, a wata na bakwai kuma jini ya dawo. Ta ga al'ada sau biyu, tsakaninsu kwana 30. Nauyinta a lokacin kilo 78.

Alhamis, ƙarfe 11 na dare: awa 0

Maigidan ya iso bayan isha'i ba tare da ya sanar ba. Ranar ce ta 12 daga farkon al'adarta ta ƙarshe, yaron yana wata takwas da 'yan kwanaki. A daren azlun bai yiwu ba, kuma su biyun sun san haka.

Ga yadda lissafin haɗarin yake. Maniyyi yana iya rayuwa har kwana biyar a jikin mace, ƙwan haihuwa kuwa ba ya wuce awa 24 bayan an sake shi. Wani bincike da aka yi kan mata 221 a Amurka, aka wallafa a 1995, ya nuna ciki yana shiga ne a cikin kwana shida: biyar kafin sakin ƙwai da ranar sakin. A ranakun da suka fi haɗari, saduwa guda tana zama ciki kusan sau ɗaya cikin uku. Ƙwai yakan fito ne kimanin kwana 14 kafin al'ada mai zuwa, ke nan ga mai kwana 30 ana sa ran fitarsa wajen rana ta 16, kwanakin haɗari kuma daga ta 11 zuwa ta 16. Daren Alhamis ɗin ya faɗa a cikinsu.

Matar ba ta san wannan lissafi ba. Abin da ta sani shi ne kwana shida ke nan da ta yi wankan tsarki, kuma ta saba jin mata suna cewa bayan tsarki ciki yake shiga. Ta tashi ta shiga bayi, ta tsuguna ta yi yunƙuri, ta wanke gabanta har ciki da ruwan ɗumi da sabulu, ta fito ta jiƙa gishiri a kofi ta shanye. Cikin 'yan mintuna bayan saduwa maniyyi yake shiga ruwan bakin mahaifa, inda wanki ba ya kaiwa. Ruwan gishiri kuwa hanji yake bi, babu hanyar da ta haɗa shi da mahaifa.

Juma'a: kanwa da kafso

Da safe, bayan maigidan ya fita gaida dangi, ta shiga wajen wata dattijuwa maƙwabciyarta wadda ta yi mata wankan jego.

"Inna, ina cikin wani hali. Maigidan ya dawo jiya, kuma kin san abin da likita ya ce."

"Kwantar da hankalinki, 'yar nan. Ki jiƙa jar kanwa, ki matse lemun tsami uku a ciki, ki sha safe da yamma. Ki haɗa da kafso guda biyu. Mu da shi muka raini namu."

Ta sha jiƙon da hantsi, ta maimaita bayan la'asar, ta aiki yaro ya sayo Ampiclox ta haɗiyi biyu. Kafin magariba ta fara zawo, ƙirjinta yana ƙuna, ta kasa cin tuwon dare. Da maigidan ya tambaya ta ce ciwon ciki ne.

Ampiclox maganin ƙwayoyin cuta ne, ba ruwansa da ƙwan haihuwa ko maniyyi. Kanwa da lemun tsami suna iya ƙona ciki su kawo zawo da amai, kuma iyakar aikinsu ke nan. Awa 24 ta farko, wadda a cikinta ƙwayar gaggawa, wato wadda ake sha bayan saduwa don hana ɗaukar ciki, ta fi ƙarfi, ta wuce a haka.

Asabar da safiyar Lahadi: ƙwayar kyamis, awa 44 zuwa 56

Ƙanwarta, ɗaliba a makarantar koyon aikin lafiya, ta zo gaida maigidan da rana, ta tarar da ita a kwance. Da ta ji labari ta ce, "Haba Yaya, ai akwai ƙwaya ta musamman don wannan. Me ya hana ki kira ni tun jiya?" Matar ta taɓa jin sunan Postinor, amma a saninta maganin 'yan matan da ba su kama kansu ba ne, kuma na zubar da ciki. Ta kuma ce ko da wasa ba za a saya a kyamis ɗin layinsu ba, domin mai shagon a masallaci ɗaya suke salla da maigidanta. Aka jira sai bayan magariba, ƙanwar ta hau adaidaita sahu ta tafi wata unguwa ta sayo. Ƙarfe 7 na dare ta dawo, awa 44 ke nan.

Kwalin Postinor-2 yana ɗauke da ƙwaya biyu, kowace miligiram 0.75 ta sinadarin da aka rubuta a jikinsa da suna levonorgestrel. Ƙanwar ta kankare lambar da ke jikin kwalin ta tura ta saƙon waya, amsa ta dawo cewa na gaske ne. Wannan mataki yana da muhimmanci, domin ko a 2025 hukumar NAFDAC ta yi gargaɗi kan jabun Postinor-2 da ke yawo a kasuwa. Mai shagon ya ce a sha ɗaya yanzu, ɗaya bayan awa 12. Tsohon tsari ke nan. Tun 2002 aka wallafa gwaje-gwaje biyu, ɗaya na Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙasashe 10, ɗaya a nan Najeriya, da suka nuna shan biyun a lokaci guda, wato miligiram 1.5, yana aiki daidai da rabawa, kuma shi ne abin da hukumar take ba da shawara a kai yanzu.

Ta haɗiyi ta farko ƙarfe 7:30. Cikinta dama bai daidaita ba tun jiƙon kanwa, minti 40 bayan nan ta yi amai sosai. Ƙa'ida ita ce idan amai ya zo cikin awa 2 da shan ƙwayar, a sake sha, domin jiki bai gama tsotse ta ba. Mai shagon bai faɗa ba, ƙanwar kuma ta riga ta tafi gida. Da safiyar Lahadi ƙarfe 7:30 ta sha ta biyun, ta zauna mata. Abin da ya tabbata ya shiga jikinta ke nan rabin adadi, a awa ta 56.

Ƙwayar nan aikinta ɗaya ne: jinkirta sakin ƙwai har maniyyin da ke jira ya mutu. Kwana ɗaya ko ɗaya da rabi kafin ƙwai ya fito, wani sinadari daga ƙwaƙwalwa yakan yi tashin gaggawa a jini ya umarci gidan ƙwai ya sake shi. Idan an sha ƙwayar kafin wannan tashi, takan tare shi. Idan ya riga ya fara, ƙwayar ba ta iya mayar da shi. Ba ta kuma taɓa cikin da ya riga ya zauna, ba ta zubar da shi, ba ta nakasa jariri. Mai shayarwa tana iya shan ta. Ana rubuta awa 72 a jikin kwalin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a sha har zuwa awa 120, amma ƙarfinta yana raguwa da kowace rana. Nauyin jiki ma yana rage shi, shi ya sa ƙa'idar likitocin Birtaniya ta ce macen da ta wuce kilo 70 a ninka mata zuwa miligiram 3 ko a ba ta wata hanyar. Haka nan magungunan tarin fuka, da wasu na farfaɗiya, da wasu na cuta mai karya garkuwar jiki, duk suna rage mata ƙarfi, sai dai matar nan ba ta shan ko ɗaya daga cikinsu.

A ranakun Asabar da Lahadi, wato ta 14 da ta 15, ta lura da farin ruwa mai yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai yana fito mata. Alamar kusantowar sakin ƙwai ce.

Lahadi da yamma: magana da maigida

Maigidan ya ga kwalin a kwandon shara. Ya shigo ɗaki da shi a hannu.

"Mene ne wannan? Ciki kike zubarwa a gidana?"

"Wallahi Maigida ba ciki ba ne. Tsoro nake ji kada ya shiga."

Ta buɗe jakarta ta ɗauko katin asibiti ta miƙa masa. Shi ne ya sa hannu a takardar tiyatar, shi ya yi ta zirga-zirgar neman jini a daren, amma maganar shekara biyu ba a gabansa aka yi ta ba. Ya daɗe yana kallon katin. Bayan sallar magariba ya kira malaminsa a waya.

"Allah gafarta Malam, ina da tambaya a kan iyalina."

Malamin ya kawo masa hadisin Jabir da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa sahabbai sun kasance suna yin azlu alhali Alƙur'ani yana sauka. Ya ce jinkirta ɗaukar ciki na wani lokaci don kare lafiyar uwa, da yardar miji da mata, daban yake da zubar da ciki, ya kuma ce su je wajen masana lafiya. Wannan ya yi daidai da matsayar da Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta ɗauka a taronta na Kuwait a Disambar 1988, inda ta halatta tazara ta wucin gadi bisa shawara da yardar ma'aurata.

Matar da maigidan suka tsayar da magana biyu: za su je asibiti da safe, kuma ba za su sake saduwa ba kafin nan. Ta biyun tana da nauyi, domin ƙwayar gaggawa ba ta kare saduwar da ta zo bayan an sha ta. Tunda jinkirta ƙwai take yi, saduwa a kwanakin da suka biyo baya tana iya cin karo da ƙwan da aka jinkirta.

Litinin, ƙarfe 10 na safe: asibitin unguwa, awa 83

Ma'aikaciyar jinyar ta zaunar da su ta ɗauki tarihi dalla-dalla: ranar farkon al'ada, ranar saduwa da lokacinta, ko an sadu a wata rana tun bayan al'adar, abin da aka sha da lokacin aman, nauyi, tiyata, shayarwa. Ta yi gwajin fitsari, bai nuna ciki ba. Ta yi musu bayani cewa wannan gwaji ya kawar da tsohon ciki ne kawai, na daren Alhamis ba zai bayyana ba sai bayan mako uku.

Ta shimfiɗa musu hanya uku. Ta farko, a sake ba ta irin ƙwayar da ta sha, a ninka. An wuce awa 72, kuma rana ce ta 16, mai yiwuwa ƙwan ya fito ko yana dab da fitowa. Ta biyu, ƙwayar ellaOne mai miligiram 30, wadda take riƙe ƙarfinta har awa 120, kuma tana iya tare ƙwai ko sinadarin umarnin ya fara tashi muddin bai kai ƙololuwa ba. Babu ita a asibitin, tana da tsada da wuyar samu, sannan ƙwayar da matar ta sha jiya tana iya rage mata ƙarfi. Ta uku, robar mahaifa mai jan ƙarfe, wadda idan aka saka ta cikin kwana biyar da saduwa take hana ciki fiye da kowace hanya. Wani nazari da ya tattara bincike 42 kan mata wajen 7,000, aka wallafa a 2012, ya samu kusan mace 1 ce cikin 1,000 take yin ciki bayan an saka mata ita don gaggawa.

Matar ta ce, "Sista, an ce robar tana tafiya har zuciya. Ga kuma ɗinkin da ke jikina."

"Maman bebi, babu hanyar da za ta bi ta kai zuciya. Ɗinki kuma ba ya hana, tun daga mako huɗu bayan haihuwa ana sakawa ko da tiyata aka yi. Amma ba zan ɓoye miki ba, akwai haɗarin ta huda bangon mahaifa wajen sakawa. Yana faruwa ga mace 1 ko 2 cikin 1,000, kuma ya fi yawa ga masu shayarwa. Shi ya sa sai ƙwararren hannu."

Maigidan ya tambayi yadda robar take aiki, ko zubar da ciki take yi. Ma'aikaciyar ta ce jan ƙarfen yana kashe kuzarin maniyyi da ƙwai don kada su haɗu, idan kuma sun riga sun haɗu yana hana su mannewa a bangon mahaifa, abin da ba ya farawa sai kimanin kwana shida bayan haɗuwar. Dalilin iyakance kwana biyar ke nan, don a saka ta kafin ciki ya zauna. Idan gwaji ya nuna ciki, ba a sakawa. Ya fita ya sake kiran malamin ya maimaita masa wannan bayani, ya dawo ya ce idan matarsa ta yarda shi ya yarda. Ta yarda.

Saboda maigidan matafiyi ne, ma'aikaciyar ta tambayi matar a keɓe ko tana ganin ruwa mai wari ko ciwon mara, ta ce babu. Ta yi musu tayin gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, su biyun suka yi, ba a samu komai ba. Ta tuna musu cewa ƙwaya da roba ba sa kare cututtukan saduwa, kwaroron roba ne yake yin wannan, kuma maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki bayan saduwar da ake shakka sai an fara shi cikin awa 72.

Daga nan aka samu cikas. Robar tana nan a cikin kabad, amma wadda aka horar da sakawa ta tafi bita, kuma kayan aikin ba a dafa su ba. Aka rubuta musu takarda zuwa babban asibiti, inda suka isa bayan azahar suka tarar an rufe karɓar kati a ɗakin tazara. Aka ce su dawo gobe da wuri.

Talata, ƙarfe 10 na safe: awa 107

Saura awa 13 wa'adin ya cika. Ungozomar asibitin ta karanta takardar, ta tsallake da su layi. Ta duba matar da hannu don sanin girman mahaifa da inda ta karkata, ta saka ƙarfen buɗe gaba, ta goge bakin mahaifa da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ta zura siririn ma'auni a hankali, ya nuna zurfin santimita 7. Robar kanta ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, fara ce mai hannu biyu, an naɗe jikinta da zaren jan ƙarfe. Ta naɗe hannuwan cikin bututu a cikin ledarsa ba tare da ta taɓa ba, ta zura, ta sake ta, ta yanke zaren da ke reto ta bar kimanin santimita 3. Aikin bai kai minti 10 ba. Matar ta ce ta ji murɗa irin ta ciwon mara mai ƙarfi sau biyu, ta kwanta na rabin awa, aka ba ta maganin ciwo.

Robar kyauta ce, domin tun 2011 gwamnatin tarayya ta cire kuɗi a kan kayan tazarar haihuwa a asibitocinta da na jihohi. Kuɗin kati da safar hannu suka biya. Irin wadda aka saka mata tana aiki shekara 10 zuwa 12, tana farawa daga ranar da aka saka, babu sinadarin da zai taɓa nono, kuma duk ranar da aka cire ta mace tana iya ɗaukar ciki. Aka gaya mata alamomin da za su sa ta dawo ba tare da jira ba: zazzaɓi, ruwa mai wari, ciwon mara mai tsanani musamman a gefe guda tare da jiri, ko jinin da ya wuce misali.

Mako uku na jira

Ta yi ɗigon jini na kwana huɗu da ciwon mara mai zuwa yana tafiya. Maigidan ya koma Fatakwal bayan mako guda, yana kira kullum. Al'ada ya kamata ta zo a rana ta 31, ba ta zo ba. Kwana biyun da suka biyo baya ta ce ko keken ɗinki ba ta iya hawa ba. Ƙwayar gaggawa takan gusar da al'ada gaba ko baya da 'yan kwanaki, kuma ƙa'ida ita ce a yi gwaji idan ta makara da fiye da mako guda, ko idan an cika kwana 21 da saduwar. Ranar Alhamis ta uku, rana ta 33, ta yi gwaji da fitsarin asuba, layi ɗaya ya fito. Washegari jini ya zo.

Jinin ya fi na da yawa, ya yi kwana 7 maimakon 5, da ciwon mara. Wannan sananne ne ga robar jan ƙarfe a watannin farko. Da ta koma asibiti bayan ya ɗauke, aka ga zaren a wurinsa, aka ba ta maganin ƙarin jini da na rage ciwo da za ta riƙa sha a kwanakin al'ada.

Bayan wata shida

Robar tana nan. A zuwansa na gaba maigidan ya ce yana jin zaren, aka rage tsawonsa. Jinin al'ada ya sauko zuwa kwana 6 daga wata na huɗu. Yaron yana wata 14, yana tafiya, yana shan nono. Sun tsayar za a cire robar idan ya cika shekara biyu.

Hukunci

Dattijuwar maƙwabciya har yau tana cewa kanwarta ce ta yi aiki, kuma da zuciya ɗaya take faɗa. Ya kamata a fahimci dalilin da ya sa irin wannan magani ba ya mutuwa a bakin mata. Ko a rana mafi haɗari, saduwa biyu cikin uku ba sa zama ciki, a sauran ranaku kuwa abin ya fi haka ƙaranci. Duk abin da mace ta sha bayan saduwa, ko ruwan randa ne, mafi yawan lokuta za ta ga al'adarta ta yaba masa. Wadda cikin ya shiga kuma sai a ce rabo ne. A wannan lamari kanwar ta yi ɓarna biyu da ake iya nunawa: ta cinye ranar Juma'a, ta kuma lalata cikin da ƙwayar za ta zauna a ciki ranar Asabar.

Ba don rashin kyau aka kasa dogaro da ƙwayar ba. An sha ta a makare, an raba ta, an amayar da rabi, a jikin mace mai kilo 78 da ke dab da sakin ƙwai. Da an haɗiyi cikakken adadi da safiyar Juma'a, rana ta 13, da ta samu sararin yin aikinta. A ganina awa 44 ɗin farko su ne asarar da ta fi kowace girma, kuma ba na ɗora ta a kan matar. Ranar da ta koma duba ɗinki ta ce ba ta son kowace hanya, kuma haƙƙinta ne. Amma babu wanda ya gaya mata yaushe kariyar nono take ƙarewa, ko abin da za ta yi idan azlu ya kuɓuce. Mai kyamis ɗin ma jimla biyu ce ta rage masa: ki haɗiye su tare, idan kin yi amai kafin awa 2 ki sake saya.

Robar ta dace da ita ne saboda ba ta dogara da duk abubuwan da suka karya ƙwayar ba. Babu ruwanta da ko ƙwai ya fito, ko nauyin mace, ko abin da cikinta zai riƙe, sannan ta toshe matsalar asali har zuwa cikar shekara biyun. Saura kaɗan ta kuɓuce saboda ma'aikaciya guda ta tafi bita. Asibitin da yake ajiye roba a kabad ya kamata a ce yana da ma'aikata biyu da suka iya sakawa, ɗakin tazara kuma ya ɗauki mai wa'adin awa 120 a matsayin mai larurar gaggawa ko an rufe kati.

Lamarin ya juya ne ranar Lahadi, lokacin da maigidan ya riƙe katin. Kwana uku matar tana fama a ɓoye da mutumin da, da ya sani, shi zai kai ta asibiti. Maganar shekara biyu bayan tiyata ta miji da mata ce, a gaban su biyun ya kamata likita ya yi ta kafin sallama.

Abu na ƙarshe da nake ganin ya cancanci a gwada a asibitocinmu shi ne ba mai goyo ƙwayar gaggawa ta ajiye tun kafin bukata ta taso, musamman wadda mijinta matafiyi ne kuma ta zaɓi dogaro da nono. An gwada haka a Masar, aka wallafa sakamakon a 2013: masu shayarwar da aka ba ƙwayar su ajiye tare da bayani sun fi sauran ƙarancin ɗaukar cikin da ba su shirya ba, sun kuma fi komawa asibiti su karɓi hanya mai ɗorewa. Kwali guda ne da bayanin minti biyar a ranar duba ɗinki, tare da rubuta mata a katinta cewa idan ta wuce kwana uku, ko ta yi amai, ko tana da jiki, ta nufi inda ake saka roba kafin kwana biyar su cika.